Teburin da Ke Rawa

Ranar Juma'a aka rufe makaranta.
Na kulle allina a aljihun tebur,
yara ashirin da uku suka fice kamar an buɗe akurki.

Muka kama hanyar Kuusamo mu uku,
Marjut na tuƙi, ni a gefenta,
Aatos a baya, ya toshe kunnuwansa da waya,
ɗan matata, shekara goma sha ɗaya,
bai taɓa kirana da komai ba sai Ilkka,
yadda ake kiran mai gyaran famfo.

A nan rana ba ta faɗuwa a watan Yuni.
Sha biyun dare tana zaune a bakin tafki,
baƙuwar da ake yi wa hamma ta ƙi ganewa.
Mun rataya barguna a taga, a banza.
Sauro ne mai gidan, mu 'yan haya ne.

Na zo da kwalin littattafai.
Shekara goma sha tara ina koya wa 'ya'yan mutane karatu,
na san yaron da haruffa ke yi wa wasan ɓuya,
wannan ya juya baya, wancan ya tsaya da ka.
A aji ina da dabara ɗari.
A gida harshena ya yi nauyi.

Daren farko na ajiye masa littafi kusa da faranti.
Ya duba bangon, ya duba ni,
ya sunkuya ya cusa shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar tebur.
Teburin ya daina rawa.
Marjut ta danne dariya da cokali,
ta ce, ƙyale shi, sannu ba ta hana zuwa.

Ran Laraba muka shiga kwalekwale, ni da shi.
Sama fes, ko ɗigon gajimare babu.
Ya ajiye fatsa, ya ce mu koma.
Na ce don me?
Ya nuna tsattsewa suna shafar ruwa da ciki,
ya ce iska ta sauya kafaɗa,
dubi tafkin, ya koma launin kwano.
Babana ne ya koya mini.
Ni malami, na ɗaga kai na duba shafin nan babba,
ban iya karanta ko harafi ɗaya ba.

Muna ɗaure igiya ƙanƙara ta sauko,
tana dukan rufi kamar ana sheƙa tsakuwa.
Wuta ta ɗauke, waya ta mutu.
Kwana uku ruwa bai ɗaga ba.
Muka ci dankali da kifi, muka sake cin dankali da kifi,
safa na bushewa a bakin murhu,
maƙwabciyarmu Sirkka ta kawo burodi a cikin rigar ruwa,
haɗe da kati daga Oulu, gefensa ya jiƙe.

Rubutun Reijo ne, a karkace, kamar shinge bayan guguwa.
Yaron ya shige ɗaki da shi.
Na ji shiru mai tsawo.
Can ya fito, bai dube ni ba,
ya ɗora yatsa a layi na huɗu:
wannan fa, me ya ce?

Na ja kujera. Ban karanta masa ba.
Muka bi ta gaɓa gaɓa, yatsansa a gaba, nawa a baya,
har kalmar ta miƙe tsaye da kanta:
kewarka.

Haka na riƙe fitila
wani mutum ya yi magana da ɗansa.
Ban san ko zafi na ji ba, ko daɗi.

Da safe sama ta wanke fuska.
Na zauna shan kofi, na dafa tebur,
kofin ya tuntsure a cinyata.
Na leƙa ƙasa.
Ƙafar nan tana lilo, babu komai a ƙarƙashinta.