Haƙuri Mara Ƙugiya

Na sauka Sakkwato magariba ta kawo jiki,
daga Gombe, tun asuba nake naɗe a kujera,
ƙafa ta kumbura, riga ta manne da baya.
Cika ya miƙo makullin ɗaki na tara.
Na ce, bar batun ruwan wanka tukuna,
fara ba ni lambar waifai.

Ya ce, "Ai mai sauƙi ta, Malam.
Hanƙuri, sai ɗaya, biyu, ukku."
Na hau bene ina murmushi.

Na zauna bakin gado, fanka na niƙa zafi.
Na rubuta hanƙuri yadda bakinsa ya faɗa.
Waya ta yi juyi, ta yi juyi, ta ce a'a.
Na cire nun, na rubuta irin na garinmu.
Ta ce a'a.
Na sa babban harafi, na sa ƙarami,
na hura allon kamar mai hura garwashi,
na yi bisimilla, na sake dannawa.
Shiru kake ji.

Ofis na jiran lissafin taki kafin safe,
buhu nawa Wurno, buhu nawa Kware.
A gida kuma akwai mai jiran muryata,
ta ƙi barci sai Baba ya ce ya isa.
Datata ta mutu tun Talatar Mafara.

Na sauko ba takalmi.
Cika ya karɓi wayar, ya duba, ya tuntsire.
"Malam, kai ka sa mishi ƙugiya!
Injin ga bai san ta ba. Ka miƙe harafin."
Na share ƙ, na sa k tsirara,
kalmar ta tsaya kamar ɗan akuya ba ƙaho,
sai ga ƙofa ta buɗe.

Amma sanda ɗaya ce a ɗaki na tara,
siririya, tana zuwa tana komawa.
In kwamfuta ta hau, waya ta faɗo,
jaki ɗaya, mahaya biyu.

Mai gadi ya nuna min da haɓa:
can, gindin tankin ruwa, bayan kicin,
nan ne sabis ke shan iska.

Na tarar da jama'a.
Hajiya Tumba ta Illela kan bokiti a kife,
tana tura hoton atamfa, rabi ya tafi, rabi ya maƙale.
Wani direban tirela ya ɗaga waya sama
kamar mai neman jinjirin wata.
'Yar bautar ƙasa na kuka a hankali da yarensu,
fuskar uwarta ta daskare a allo, baki a buɗe.
Ba wanda ya tambayi sunan wani.
Aka matsa min gefen bulo,
aka miƙo min ƙullin ƙwai da rogo.
Sauro ma ya samu nasa rabon.

Lissafi ya tafi yana ɗingishi.
Sai na ba waya jakin.
Saƙonni suka ɓarke kamar Rima a Agusta:
kuɗin ƙungiya, katin ɗaurin aure,
mai bina bashi yana gaishe ni da kyau.
Can ƙasa, murya ɗaya, daƙiƙa tara.

Rumasa'u ce.
"Baba, haƙorina ya fita. Na gaba.
Ban jefa ba, na ajiye maka a gwangwani."
Sin ɗinta duk ta zama iska.

Na danna zan amsa,
janareta ya yi tari biyu, ya kwanta.
Duhu ya rufe tanki da mu duka.
Hajiya Tumba ta ja tsaki, direba ya yi dariya,
wani ya ce Cika ya tafi neman mai.

Na zauna kan bulon, ban tashi ba.
Abin da ya riga ya sauka, ya sauka.
Na kara wayar a kunne,
na sake jin daƙiƙa taran.