Tiya Biyu

Shekara talatin ina awo a babbar kasuwar Maraɗi.
Gwiwata ta san buhu, tafin hannuna ya san wake.
Rufe mini ido, zuba mini ƙwaya uku,
in gaya maka na Dakoro ne ko na Gidan Rumji.
Amma kuɗin wake, ba a gabana ake haihuwarsa ba.

Bayan lisha ake haihuwarsa,
a wani soro mai sanyin inji:
mutum uku, butar shayi ɗaya.
Kofin farko na gaisuwa ne,
na biyu na labarin hanyar Jibiya,
kafin na uku ya huce an raɗa wa farashi suna.
Da asuba sai ya fito da ƙafarsa,
ya zauna a bakin kowane dillali
kamar tare suka yi mafarki.

Manomi ya taso daga Tibiri, amalanke na kuka.
Aka taya a nan, ya ce albarka.
Ya matsa gaba, tayi ɗaya.
Ya zaga har layin masu albasa ya dawo, tayi ɗaya.
Rumfa goma sha biyu, harshe guda.
Ya dubi sansa, san ya dubi ƙasa.
Rana ta karkata. Ya sallama.

Bara Mutari ɗan Tsahara ya dawo daga Kwatano da 'yan kuɗinsa,
ya ɗora dala goma a kan kowace tiya.
Kwana shida manoma na layi a ƙofarsa.
Ran na bakwai, babu kamyon da zai ɗauki kayansa.
Ba wanda ya zage shi,
ba wanda ya ɗaga masa yatsa,
direbobi ne kawai duk tayarsu ta fashe rana ɗaya.
Buhu ɗari biyu a sito, ƙwaro ya shiga ya ci biki.
Yanzu kabu-kabu yake yi.
In ya wuce rumfata ba ya waiwayowa.

Jiya wata 'yar boko ta sauka daga Yamai,
Hadizatu, da littafi da gumi a goshi.
Ta ce ana tsara doka,
wadda za ta hana manya haɗa baki,
ta hana ɓoye kaya sai yunwa ta yi masa tsada,
ta bar ƙarami ya buɗe rumfa ba tare da an toshe masa hanya ba.
Ta ce, Baba Nomau, me ka gani?

Na ce ban ga komai ba, 'yata, ni mai awo ne.
Wanda ke cin tuwo a inuwar giwa
ba ya ƙirga mata haƙora.

Ta rufe littafi. Ba ta tafi ba.
Ta sayi ruwan leda biyu, ta miƙo mini ɗaya.

Da dare na kasa barci.
Na tuna takarda ba ta da ƙafa,
sai an ɗauko ta daga Yamai,
kuma a hanya akwai masu shayi.
Na tuna idon san nan.
Na tuna ni ma da nawa:
ƙarƙashin tabarmata tiya biyu ce,
mai faɗin ciki don saye,
mai ɗagaggen gindi don sayarwa.
Ubangidana ne ya ba ni su,
amma hannuna ne ya yi shekara talatin yana zaɓa.

Yau da hantsi ta sake biyowa.
Na jawo su duka biyun na jera a gabanta,
na cika ɗaya, na juye a ɗaya,
wake ya zube har kan takalminta.
Maƙwabtana suka yi tsit.

Na ce rubuta.
Fara da wannan, ƙarami ne.
In dokarku ta iya mayar da biyun nan ɗaya,
gobe ki dawo bayan lisha,
in nuna miki ƙofar soron.