Lissafin Kwanaki

Takardar ta ce in lissafa kwanakin
da na yi a wajen Birtaniya cikin shekara biyar.
Na baje fasfo a teburin kicin,
ƙarfe ɗaya na dare, Sheffield na ta yayyafi.

Kwana huɗu a Lisbon, taron masana.
Shida a Nairobi.
Sai arba'in da ɗaya a Gumel.
A gefe ga ɗan gurbi: dalilin tafiya.
Bai kai faɗin da zan rubuta
cewa na sauka an riga an rufe Baba,
takalmansa na nan bakin zaure
an rasa mai ƙarfin zuciyar ɗauke su.
Na rubuta: iyali.

Ni malamar ƙasa ce.
Ba ni dunƙule in murza, in shinshina,
in faɗa maka jigawa ce ko fadama,
abin da take ci, abin da za ta bayar.
Da safe ɗalibai ɗari biyu na rubuta maganata.
Da dare ni ce ɗaliba:
wani sarkinsu mata nawa ya aura,
wace shekara gobara ta cinye Landan.
Mu'azzam ke riƙe littafin, shekararsa tara.
"Mama, in kin faɗi, korar mu za a yi?"
Na ce ya je ya goge haƙoransa.

Ran Talata wata yarinya mai safar hannu
ta danna yatsuna kan gilashi.
Na'ura ta ƙi babban yatsana har sau uku.
Shekara ashirin ina murza ƙasa,
ashe ita ma tana murza ni.

Kuɗin da na biya
zai rufa wa Inna ɗaki da kwano, har da canji.
Ban faɗa mata ba.
Na dai ce ina neman zama na dindindin.
Ta yi shiru, ina jin awaki a bayanta.
"Dindindin kuma, Zulai?
Ubanki ma baƙunta ya yi."

A ɗakin gwaji akwai kwalba mai lamba goma sha bakwai,
jar ƙasa daga gonarmu ta bayan gari.
Ita tun bara aka buga mata hatimi,
ba wanda ya tambaye ta sarakuna.
Nakan buɗe ta in an watse,
in ɗiga ruwa kaɗan, ƙamshin damina ya tashi,
sannan in rufe, in wanke hannu,
in sake duba waya.

Sun ce wata shida.
Yau kwana casa'in da uku.