Waken Iya Tasalla

Tun daren jiya na jiƙa waken,
jan nan na kasuwar Gadarif
da mai awo ya rantse na bana ne.
Ƙarya yake.
Ƙwaro bakwai na tsince a tafin hannuna.

Iya Tasalla na kwance a gadon igiya, bakin ƙofa.
Shekara uku ke nan idonta ya rufe,
amma kunnenta na cikin tukunyata.

"Wane nama ka samo?"
Na ce na sa, wajen Ɗanjuma mahauci,
ƙirji, da ɗan kitse a gefe.
"Sara shi ƙanana.
Ba ni da haƙoran gardama."

Na daddatsa shi a kan katako
har ya koma kamar tsakuwar rafi.
Man riɗi ya fara shiga,
wanda Gambo ya kawo daga gona, ladan yankan da ya yi.
Albasa uku suka faɗa suna tsaki,
na tsaya a kansu sai da suka yi launin shayi.
Nama ya bi su, ya saki ruwansa,
ya dawo ya shanye abinsa kamar mai rowa.

"Juya. Yana kamu ta hagu."
Na leƙa.
Yana kamu ta hagu.

Tafarnuwa, tumatir biyar da na murje da hannu,
kamun da kazbara, irin na maƙwabta.
Sai jan gari a kwalbar zuma.
Nan garin shatta ake ce masa.
Iya ba ta taɓa cewa shatta ba.
Barkono, in ji ta,
yadda uwarta ta kira shi a hanya
da suka taso daga Haɗeja da ƙafa za su Makka,
damina ta tare su a nan,
aka shuka dawa, aka ce bari a girbe tukuna.
Girbi nawa ke nan?
Ta ce mai ƙirga ya riga ta kwanciya.

Likita ya ce a rage mata yaji.
Na sa cokali guda, a hankali, kamar ɓarawo.
"Ilu, hancina ma ya makance ne?"
Na ƙara rabi.
Ta yi shiru.
Na ƙara ɗayan rabin.

Waken na dafa shi daban da 'yar kanwa,
ba gishiri, don gishirin wuri
taurin kai yake koya wa wake.
Da ya yi laushin da yatsa biyu za su murƙushe shi
na juye shi kan naman, na rage gawayi,
na rufe, na ba su wuri su san juna.

Aka kira azahar.
Tukunya na magana ƙasa-ƙasa,
Iya na gyangyaɗi, carbi ya zame mata,
wata mage ta zo ta zauna nesa kaɗan kamar mai bin bashi.
Kafin la'asar romo ya yi kauri,
ja mai duhu, mai ya taso yana kewaya baki.
Sittana ta miƙo kisra ta kan katanga,
ta ce ƙamshinmu ya hana yaranta karatu.
Na mayar mata da kwanonta cike.

Na tada Iya, na jingina ta da filo.
Loma ɗaya. Ta daɗe tana juya ta a baki.
Gumi ya tsattsafo mata a karan hanci.

"Uwata daddawa take sawa."
Na ce Iya, babu daddawa a kasuwar nan.
"Na sani. Ita ma ba ta samu ba.
Faɗa kawai take yi, duk ranar da ta dafa."

Ta lalubo bakin kwanon da yatsa,
ta turo min shi.

"Ƙara. Ta ƙasan, inda ya kama."