Awon Haske

Injiniya Haladu ya zo ranar Talata bayan magariba,
da wani abu kamar sabulu a tafin hannunsa.
Ya ce da shi ake auna haske.
Na san mudu, na san tiya,
na san kamun yadi a hannun tela,
ban san haske ma yana da awo ba.

Shekara goma sha tara ina share filin kwalejin nan,
gefen hanyar Ringim.
Ni ke zuba toka in ja layi,
ni ke tsince tsidau kafin yara su tuɓe takalmi,
ni ke korar awakin Delu daga bakin raga.
Da can rana ce alƙalin wasanmu:
in ta jingina da kukar bayan ɗakin kwana an tashi,
ko kuna ci, ko ana cin ku.

Bana aka kafa falwaya huɗu,
kowace da faifan sola a ka.
Aka kunna.
Dare ya ja da baya har gonar Barau,
kowane yaro ya sami inuwa huɗu
suna bin sa kamar masu bin bashi.

Haladu ya bi filin taku goma goma,
ya tsuguna, ya ajiye abin, ya rubuta.
A tsakiya ya gyaɗa kai.
A ragar gabas ya ce ba laifi.
A ragar yamma ya daɗe.
Ya ce nan bai kai rabin abin da takarda ta nema ba,
kuma fitilar kudu idon mutum take kallo,
alhali ƙasa aka ce ta kalla.

Talle, mai tsaron gidanmu, ya tafa hannu:
sati uku ina faɗa, ana cewa hannuna ne ya huje!
Ƙwallo kan ɓace mini a sama,
sai dai in ji ihu a bayana.

Takarda ta ce haske ya zama bai ɗaya,
kada wani gefe ya ƙoshi, wani ya kwana da yunwa.
Na ce a raina, wanda ya rubuta wannan,
ina ma shi aka ba rabon taki.

Amma akwai abin da sabulun Haladu bai kama ba.
Zakaran Barau ya rikice, ƙarfe tara yake cara.
Daren da aka yi ruwan farko shinge ya rufe fitilu,
Delu ta zo da kwano da tsintsiya,
kwaɗi suka jeru a layin da na ja
kamar su ma an ba su lamba.
In an busa tashi, ɗalibai kan fito da takardu
don ɗakunansu babu wuta,
Uwani kuwa can yamma take shimfiɗa tabarma,
ta ce ƙwari ba su cika zuwa wurin ba.

Ni ma can nake tsayawa.
Nan kaɗai ya rage a filin
da zan ɗaga kai in ga Kaza da 'ya'yanta,
da su babana ya koya mini lissafin shuka.

Ranar Alhamis zai dawo da tsani da ƙwai biyu,
zai sunkuyar da fitilar kudu,
ya cike ramin duhun yamma.
Ni zan riƙe masa tsanin,
kuma zan riƙe da kyau,
Talle yana da hakki.

Sai dai makullin akwatin wuta a aljihuna yake.
Sha ɗaya na yi, Uwani ta naɗe tabarma,
zan kashe su ɗaya bayan ɗaya,
in tsaya a tsakiyar fili
har idona ya huce.