Mai Haska Ƙwai

A Pateros, gefen Manila, aikina haska ƙwan agwagwa.
Ɗaki mai duhu, akwati mai huji, fitila a ciki.
In na kara ƙwai na ga jan jijiya kamar saƙar gizo-gizo,
ya koma cikin ƙaiƙayin shinkafa ya sha ɗumi.
In haske ya ratsa shi tas, sai kwandon hagu.
Dubu uku a yini, ido bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ran Talata ni aka haska.
Likita Dimaculangan ta juyo da allon wajena,
ta ce, Luzviminda, duba nan.
Ƙananan ƙwayaye a jere kamar dutsen wuya,
goma sha biyu a gefe guda,
ba wanda ya ƙosa, balle ya sauko.
Ta ce rumbun a cike yake, ƙofar ce ba ta buɗuwa.

Ashe jinin da kan leƙo ni bayan wata uku
baƙo ne mai zuwa hannu rabbana.
Shekara shida ina zagaye ranaku a kalandar kantin magani,
ina kiran Efren ya ajiye babur ɗin haya ya dawo da wuri,
mu biyu muna tsaye da kaya
a tashar da jirgi bai taɓa tsayawa ba.

Surukata ta kai ni Obando cikin watan Mayu,
na taka rawa a titi gaban coci da sauran masu nema,
har takalmina ya tsinke.
Na dawo da ciwon ƙafa da kyandir biyu.

Yanzu ƙwayar magani ce, ɗaya kullum, kwana biyar,
sai ma'aunin zafi a ƙarƙashin harshe
tun kafin ƙafata ta taɓa ƙasa.
Layin da nake ja a takarda ya kwanta shame-shame
kamar ruwan kududdufi,
wata ɗaya, wata biyu.

Yau da asuba ya ɗan ɗaga kai.
Ɗan ƙanƙani, bai kai faɗin farce ba.
Ban tashi Efren ba.

A wurin aiki wani ƙwai ya tsayar da ni.
Na juya shi, na sake juyawa,
inuwa ce ko datti ne a ɓawo, ban sani ba.
Kwandon hagu na nan kusa da gwiwata.
Na mayar da shi cikin ƙaiƙayi,
na ce a ba shi kwana uku.