Ba a Tatsar Maraƙi

Ƙarfe biyar saura kwata, Sheffield ba ta farka ba.
Na tayar da bas, ina jiran injin ya yi ɗumi.
Hannuna ya nufi aljihu, inda waya take,
na ce masa: kul.

A cikin wayar nan garkena yake,
garken da ba ƙaho, ba kofato.
Hannun jari ne a kamfanoni huɗu:
mai ƙera batir, mai haɗa maganin ciwon suga,
da biyu masu sayar da manhaja,
waɗanda sai da na kwana uku ina karatu
kafin in gane me suke sayarwa, wa ke saye.
Na kai lissafin bashinsu gaban Malam Bilya a Burngreave,
ya gyara tabarau, ya daɗe, ya ce babu laifi.

Fam tamanin duk ƙarshen wata,
kafin haya, kafin kuɗin wuta,
kafin Rakiya ta rubuta cefane.

Delroy ya tare ni wajen shan shayi.
"Tanimu, nawa suka raba maka bana?"
Na ce ko sisi.
Ya yi dariya har shayi ya zuba masa a riga:
"Nawa duk wata uku sai sun jefo mini ɗan abu."
Na ce naka saniya ce, kullum da nono.
Nawa maraƙi ne, abin da ya samu shi yake ci,
ya mai da shi ƙashi da tsoka.
Ba a tatsar maraƙi, Delroy.
Jiransa ake yi.

Faɗa da baki ba wuya.

Wata Talata, cikin sanyi, allo ya koma ja.
Kashi talatin da takwas cikin ɗari
ya zube kamar gari a rariya.
Ranar na wuce tasha biyu ban tsaya ba,
wata tsohuwa na ta danna ƙararrawa,
ni kuwa ina can ina kwashe lissafi:
asubahi nawa ke nan, ƙanƙara nawa,
"sannu da zuwa" nawa ga mutanen da ba sa amsawa?

Da dare babban yatsana na shawagi
a kan wurin da aka rubuta a sayar.
Rakiya ba ta ko juyo ba.
"Shekara nawa ka ce?"
Goma sha biyar.
"Yau nawa?"
Biyu da rabi.
"To, kashe mana fitila."

Uku sun miƙe, a hankali, kamar mai jinya.
Na batir bai tashi ba.
Na jira shi shekara guda, na karanta rahotonsa,
na ga bashi ya hau shi har wuya,
na sallame shi da hasara, na haɗiye.
Ba kowane maraƙi ke zama bijimi ba,
kuma haƙuri daban, taurin kai daban.
Tun daga nan na daina ɗaure duka a turke ɗaya.

A jikin ƙofar ɗakin girki akwai zanen fensir,
tsayin Shafa'atu, Sallah bayan Sallah.
Da na riƙa auna ta kowace safiya
da na rantse yarinyar nan ba ta girma.
Jiya haƙorinta na gaba ya fita,
ta ce in sa mata shi a cikin garke.

Ban san abin da zan tarar ba ranar da za ta shiga jami'a.
Babu wanda ya yi mini alkawari.
Na dai shuka, na sa Allah a gaba.

Injin ya yi ɗumi.
Ga fasinjan farko can, ya dunƙule cikin kwat.
Na bar wayar a aljihu,
na buɗe masa ƙofa.